Lambun ɗalibai ya mutu bayan shekara biyu: taki za mu fara nema ko iri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu a jami'a. Mu kusan ashirin muka haɗu muna son farfaɗo da wani lambu da ke bayan ɗakunan kwananmu. Waɗanda suka gabace mu ne suka kafa shi, ya yi shekara biyu yana ba da kayan lambu, yanzu ciyawa ta cinye shi. Wasu sun ce ƙasar ce ba ta da kyau. Da me za mu fara, taki ko iri?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Ku dakata da sayen ko ɗaya tukuna. Ƙasar da ta yi shekara biyu tana ba da amfani, yanzu kuma ciyawa ke tashi a kanta, da wuya a ce ita ce mai laifi. Ki bincika, ina kyautata zaton za ki tarar mutum biyu ko uku ne suka riƙe lambun nan, da suka kammala karatu suka tafi, babu wanda aka damƙa wa mabuɗi.

Wannan ce cutar lambun jami'a a ko'ina. Ɗalibi baƙo ne na shekara huɗu, cikinsu ma akwai jarrabawa da dogon hutu, shi kuwa tumatir bai san an shiga makon jarrabawa ba. Ki dubi waɗanda suka daɗe. Lambun Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, wani Baturen Ingila mai suna Alan Chadwick ya fara shi da ɗalibai a 1967, har yau ana nomansa. Gonar ɗalibai ta reshen jami'ar da ke garin Davis tun 1977 take. Ta Jami'ar Yale, ita ma a Amurka, eka ɗaya ce kacal, an fara ta a 2003. Dukkansu suna da ma'aikata na dindindin, kuma an saka su cikin harkar koyarwa. Yale har ɗaukar ɗalibai aiki take yi lokacin dogon hutu don kada gonar ta zauna babu mai kula. Ku ba ku da wannan ƙarfin, na sani. Amma kuna iya samun malami ɗaya, daga tsangayar noma ko sashen nazarin halittu, da zai yarda a rubuta sunansa a matsayin uban lambun, sannan ku jawo ɗaya daga ma'aikatan da ke kula da furannin harabar. Shi wannan yana nan hutu da zango, kuma ya fi ku sanin ranar da famfo ke ɗaukewa.

Bayan mutum sai takarda. Filin da ɗalibi yake kira kango, a taswirar hukumar jami'a wataƙila wurin ajiye motoci ne da ba a gina ba tukuna. Gonar Jami'ar British Columbia a Vancouver ta ƙasar Kanada hekta 24 ce, duk da haka a 2008 aka so a rage ta a gina gidaje. Sai da aka tara dubban sa hannu, aka yi tattaki a 2009, kafin ta tsira. In mai hekta 24 ta sha da ƙyar, ina ga fangali goma a bayan ɗakin kwana? Ku nemi izini a rubuce, na aƙalla shekara biyar, da sunan wanda zai biya kuɗin ruwa.

Daɗewar nan tana da wani muhimmanci da ba a cika lura da shi ba. A 2024 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Michigan sun auna lambuna da gonakin birni 73 a ƙasashe biyar, suka gano iskar kabon, mai ɗumama duniya, da ake fitarwa wajen samar da kayan lambunsu ta ninka ta gonakin da aka saba kusan sau shida. Babban dalili shi ne katako da rumfuna da sauran kayan da ake kafawa, a yi 'yan shekaru a watsar. Don haka in tsofaffin fangalan da shingen suna nan, ku gyara su ku ci gaba da su.

To, ƙasar fa? Ku auna ta, amma don wani dalili daban: gubar dalma. Tsohon fenti da hayaƙin fetur mai dalma, wanda sai a 2021 aka daina sayar wa motoci a duniya baki ɗaya, sun bar ta a ƙasar da ke jikin tsofaffin gine-gine da bakin titi, kuma ba ta ruɓewa. A Janairun 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta rage ma'aunin da take fara bincike a kansa a ƙasar gidaje daga kashi 400 cikin miliyan zuwa 200. Yawancin haɗarin daga ƙurar da ke manne wa ganye da saiwa yake, shi ya sa latas da karas suka fi tumatir ɗaukar ta. Kuna cikin jami'a, ɗakin gwajin ƙasa na kusa da ku. In sakamakon ya yi sama, ku ɗaga fangalan ku cika su da ƙasar da aka kawo daga wani wuri.

Ruwa ku yi masa lissafi tun kafin ku raba fili. Kayan lambu na son kamar lita 25 a kowace murabba'in mita a mako, fiye da haka in ana zafi. Murabba'in mita 100 ke nan lita 2,500. Da bokiti, mutum ashirin ɗin nan za su koma huɗu kafin wata ya ƙare. Ku fara da abin da huɗun za su iya shayarwa.

Iri kuma kalandar karatu ce za ta zaɓa muku. Zango bai cika wuce mako 15 ba. Latas da koren wake suna isa cikin wata biyu, sun shiga. Tumatir na cin mako biyar zuwa shida a reno, sannan wata biyu zuwa uku bayan dashe, sau da yawa sai kun tafi gida zai nuna. Kafin dogon hutu ku shuka wake ko dankali su rufe ƙasa, ko ku lulluɓe fangalan da busasshiyar ciyawa.

Taki shi ne mafi sauƙi, yana ɗakin girkin jami'a: ɓawon kayan lambu, a haɗa da busassun ganyen da ake sharewa, a riƙa juyawa. In kashin dabbobi kuka samu ɗanye, ƙa'idar noman da ba na sinadari ba a Amurka ita ce a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, 90 ga wanda ba ya taɓawa. Kwana 120 ya fi zango tsawo, saboda haka ku zuba shi ranar da za ku tafi hutu.