Injin jirgin ruwa yana shaƙewa idan an ba shi wuta

Ɗan'uwa, ka ce injinka Yamaha 40 yana tafiya lafiya a hankali, amma da ka buɗe totur tsakanin Ikorodu da tashar CMS a Legas sai ya shaƙe kamar zai mutu. Mai ne ba ya isar masa. Fara da murfin tanki, ka sassauta ƙaramin notin iskar da ke kansa. Sannan ka sa yaronka ya riƙe robar nan ta tiyo da ake matsawa, kana gudu. In ta lotse, toshewar tana wajen tanki. In kuwa da ya matsa ta injin ya farfaɗo, to famfon mai ya gaji, ko tiyo yana shan iska ta mahaɗa.

In duk ba su ba ne, a wanke filta da babban jet na kabireta (ɗan notin nan mai ƙaramin rami da mai ke bi), a juye tankin a duba ko ruwa ya kwanta a ƙasa. Fetur ɗin jarka da na taɓa saya a bakin ruwa haka ya yi mini. Don Allah kada ka ci gaba da tilasta masa, domin injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, in mai ya ragu fistan ne ke ƙonewa.