Muzuruna bai taɓa fita waje ba, ta yaya zan fara barinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da muzuru ɗan wata goma, tun yana ɗan ƙarami yake hannuna, bai kuma taɓa taka waje ba. Mako biyu ke nan da muka tare a sabon gida mai fili da katanga, tun daga nan ba ya barin bakin taga, kuka dare da rana, da an buɗe ƙofa sai ya yi wuf zai fice. Allura ɗaya aka taɓa yi masa yana ƙarami, ba a kuma yi masa fiɗiya ba. Tausayinsa nake ji, amma ina tsoron ya fita ya ƙi dawowa. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tsoron nan naki yana da dalili. A yadda muzurun yake yau, kada ki buɗe masa ƙofa. Zai iya fita nan gaba, amma sai ya koyi dawowa tukuna, kuma sai jikinsa ya shirya wa abin da zai tarar a waje. Wannan shiri zai ci kamar mako shida.

Kukan da yake yi, mafi yawansa ba kewar iska da rana ba ce, balaga ce. Muzuru kan balaga tun wajen wata shida, kuma hancinsa yana jiyo mace mai neman barbara daga nesa. Irin wannan muzuru idan ya samu ƙofa ba a tsakar gida zai tsaya ba. Zai haura katanga, ya tsallaka titi, ya shiga yankin wasu muzurai da suka fi shi ƙarfi da sanin faɗa. Ta cizon da ake yi a irin wannan faɗa ne cutar FIV take yaɗuwa, wadda ke karya garkuwar jikin kyanwa a hankali. Ba ta kama mutum, amma kyanwar da ta kamu da ita ta kamu ke nan har ƙarshen ranta. Saboda haka fiɗiya ce farko. Aiki ne ƙarami a hannun likitan dabbobi, ana sa masa barci, ciwon ya warke cikin 'yan kwanaki. Sai dai halin yawo ba ya gushewa a rana ɗaya, yakan ɗauki makonni kafin jikinsa ya lafa. Na san akwai masu jin nauyin yi wa dabba wannan aiki, suna ganin an tauye ta. Ni a ganina sakin muzurun da ba a fiɗiye ba shi ne babbar cutarwa, gare shi da kuma tarin 'ya'yan da za a haifa ba mai kula da su. Mai mace ma ta sani, mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, cikin kuma mako tara ne kacal.

Allura ɗaya ba ta wadatar ba. 'Yar kyanwa kan fara rigakafi a mako 8 ko 9, a maimaita bayan kowane mako uku zuwa huɗu har ta kai wajen mako 16. Dalili shi ne garkuwar da ta sha a nonon uwa tana iya rage ƙarfin allurar farko, don haka ba a dogara da ita kaɗai. Allurar tana kare ta daga cututtuka uku: nau'i biyu na murar kyanwa, da wata muguwar cuta mai sa amai da gudawa ta kuma cinye fararen ƙwayoyin jini, wadda ƙwayarta ke iya zama a ƙasa har shekara guda. Naki za a sake masa daga farko, galibi allura biyu da tazarar mako uku ko huɗu. Tunda fita zai riƙa yi, a ƙara masa biyu. Ɗaya ta FeLV, cutar da ke jawo sankarar jini, tana bin yawu idan kyanwoyi sun lashi juna ko sun ci a kwano ɗaya, kuma an fi so a gwada jininsa kafin a yi. Ɗaya kuma ta ciwon haukan kare. Sunan yana ruɗar mutane, amma kyanwa ma tana kamuwa, tana kuma sa wa mutum ta cizo, kuma da zarar alamun sun bayyana kusan babu mai tashi. Wannan allura kariya ce gare ki da duk wanda ke gidan. Bayan ta ƙarshe ki jira mako ɗaya zuwa biyu, garkuwar ta kama.

Jiran nan bai zama asara ba, domin ko da an yi masa komai, mako biyu a sabon gida sun yi kaɗan. Kyanwa da wari take sanin gidanta. Gogar kumatu da kike gani yana yi a ƙafar kujera da bakin ƙofa, alama yake sawa cewa nan nasa ne. Kafin wannan wari ya zauna, gidan bai zama inda zai gudo ba idan ya firgita, kuma in tsohon gidanku yana kusa, can zai nufa. Mako uku zuwa huɗu shi ne mafi ƙaranci.

A cikin waɗannan makonni ne za ki yi aikin da ya fi komai muhimmanci, wato koya masa amsa kira. Ki daina barin abinci a kwano yini guda, ki mayar da shi sau biyu ko uku a rana, a lokuta sanannu. Ki zaɓi sauti ɗaya, ko fito, ko buga cokali a kwanonsa, ko girgiza gwangwanin abincinsa, ki yi shi duk lokacin da za ki zuba masa, kafin ki zuba. Bayan 'yan kwanaki ki fara yin sautin daga wani ɗaki, ya zo ki ba shi ɗan abin da ya fi so. Sannan ki yi lokacin da hankalinsa yake kan taga, ko yana tsakiyar wasa. Kowa a gidan ya yi amfani da wannan sauti ɗin, kada kowa ya ƙirƙiro nasa. Abin da ke ɓata wannan horo guda ɗaya ne: a kira shi da sautin, ya zo, sai a ɗura masa magani ko a yi masa wanka ko a daka masa tsawa. Sau biyu aka yi haka ya isa ya daina yarda. Sautin nan alheri kaɗai zai riƙa biyo bayansa. Ranar da kika ga ko barci yake yana jin sautin zai taso da gudu, ya shirya.

Game da wuf ɗin da yake yi a ƙofa kafin lokacin, a sa shi wani ɗaki a rufe idan za a shigo da kaya ko baƙi. Kukan kuma kada a biya shi da abinci ko lallashi, in ba haka ba ya gane kuka yana sayo masa abin da yake so. A gajiyar da shi da wasa, ya bi zare ko gashin tsuntsu a bakin sanda, musamman da yamma.

Ranar fiɗiya ki nemi a sa masa maikurocif, ɗan ƙanƙanin abu mai girman ƙwayar shinkafa da ake sawa ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu. Yana ɗauke da lamba da ake karantawa da na'ura, a gano mai kyanwar. Ba ya nuna inda take a taswira, amfaninsa sai an tsince ta, kuma sai lambar wayarki tana daidai a rajista. A Ingila ya zama doka tun watan Yuni na 2024. Abin wuya mai ɗauke da lambar waya ma yana taimakawa, da sharaɗin ya zama mai maɓallin da ke ɓallewa da kansa idan ya maƙale a reshe ko waya. Mai roba yana da haɗari, domin kyanwa kan zura hannu ciki ya sarƙe a hammata ya yanke ta. Yatsu biyu su iya shiga tsakaninsa da wuya.

Ki zaga filin da idon kyanwa. Katanga mai mita biyu ba ta hana lafiyayyen muzuru hayewa, kada ki dogara da ita. Ki rufe rijiya da duro da tankin ruwa. Ki kawar da maganin ɓera, domin ko ɓeran da ya ci gubar ya kama ya ci, tana iya taɓa shi. Haka maganin ƙwari, da ruwan sanyaya injin mota idan ya ɗiga a ƙasa, wanda ɗan kaɗan ya isa ya kashe ƙoda. Furen lili ma ƙoda yake lalatawa, ko garin furen ne ya lasa a gashinsa. Mai mota kuma ya saba da buga murfin inji kafin ya tayar, kyanwoyi suna son ɗumin wurin.

Ranar farko ki zaɓi safiya mai natsuwa, ba ruwan sama, ba hayaniya, kina kuma da lokaci. Kada ki ba shi abincin safe tukuna, yunwar ce za ta jawo miki shi. Ki buɗe ƙofa, ki fita ki zauna kusa, ki bar ƙofar a buɗe. Kada ki ɗauke shi ki dire a tsakiyar fili. Hanyar da ya taka da ƙafarsa, yana shinshina, ita zai bi ya koma idan wani abu ya razana shi. Kada ki yi mamaki in wanda ya hana ku barci da kuka ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa gaba, ko ya fita yana jan ciki, ya koma da gudu. Ki ƙyale shi. Bayan minti goma ko sha biyar ki yi sautin, ya shigo, ki ba shi abinci, ki rufe ƙofa. Gobe a ƙara kaɗan. Idan ya ɗare katanga kada ki bi shi da gudu ko ihu, kora ce a wurinsa. Ki tsuguna, ki kira da sautin, ki jira. Bayan mako ɗaya ko biyu yana fita yana amsa kira, sai ki fara barinsa shi kaɗai na ɗan lokaci.

Dare kuwa ban yarda da shi ba ko bayan ya saba. Kyanwa ta fi kuzari da asuba da faɗuwar rana, lokacin da direba bai gani sosai, kuma ƙananan muzurai irin naki su mota ta fi bugewa. Faɗa ma da dare ya fi yawa. Ki ɗaure abincin yamma da shigowa: kafin magariba a kira, ya ci, a rufe.

Ga abin da zai ɗan kwantar miki da hankali. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya bi kyanwoyin gida 925 a ƙasashe shida da na'urar nuna wuri, ya gano yawancinsu ba sa yin nisa da ya wuce kamar mita 100 daga gida. Wani kuma na 2018 kan kyanwoyin da suka ɓata ya nuna kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka gano, cikin mita 500 aka same su. Don haka in wata rana bai amsa kira ba, a kusa za ki fara nema. Kyanwar da ta saba da ɗaki idan ta tsorata laɓewa take yi ta yi tsit, tana jin muryarki ba za ta amsa ba. Ki duba ƙarƙashin mota, bayan tarin kaya, cikin magudanar ruwa, da tocila bayan gari ya yi shiru. Ki roƙi maƙwabta su buɗe gareji da ɗakin ajiya su duba da idonsu, ki kuma ajiye shimfiɗarsa a bakin ƙofa.

Da fita ƙuma da kaska da tsutsar ciki suke zuwa. Likitanku zai tsara miki magani, mai farauta yakan buƙaci na tsutsa daga kowane wata zuwa kowane wata uku. Kada ki taɓa ɗiga masa maganin ƙumar kare. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin fametirin, wanda hantar kyanwa ba ta iya sarrafawa, ya sa ta karkarwa da farfaɗiya har mutuwa. Farasitamol ma guba ne gare ta, ko gutsure. Kowace yamma ki shafa jikinsa da hannu, kai, wuya, gindin wutsiya. Haƙorin kyanwa siriri ne, ramin cizo yana rufewa da wuri da ƙwayoyin cuta a ciki, bayan kwana biyu zuwa huɗu sai ƙurji ya taso, da zazzaɓi, da ɗingishi, da ƙin abinci. In kin ga haka, asibiti. Idan akwai mai ciki a gidan, wani daban ya riƙa kwashe kashin muzurun kullum, saboda cutar da kyanwa ke ɗauka daga ɗanyen ɓera da tsuntsu mai iya taɓa jariri a ciki.

Tsuntsaye ma suna da haƙƙi a wannan magana, domin ƙoshi ba ya hana kyanwa farauta. Masu bincike a Jami'ar Exeter sun nuna a 2021 cewa wasan minti biyar zuwa goma a kullum ya rage abin da kyanwoyi ke kamowa gida da kashi 25 cikin ɗari, abinci mai yawan nama kuma ya rage da kashi 36.

Akwai wanda ba zan ba da shawarar a sake shi ba sam: makaho, kurma, wanda aka cire wa farata, wanda gwaji ya nuna yana da FIV ko FeLV, da wanda gidansu ke bakin babban titi. Mai fararen kunnuwa da hanci kuma a hana shi zafin tsakar rana, saboda sankarar fata. In muzurunki ko gidanki ya faɗa cikin waɗannan, ki kewaye wani ɓangare na filin da ragar waya har sama, da inuwa da katakon hawa a ciki, ya sha iska ba tare da ya kai titi ba. Ko ki koya masa ɗamarar ƙirji da igiya, ki fara sa masa a ɗaki na 'yan mintuna har ya daina kwanciya idan an ɗaura. A ƙirji ake ɗaura igiyar, ban da wuya, kuma kada a ɗaure shi a wani abu a tafi a bar shi, domin yana iya hawa ya faɗo igiyar ta shaƙe shi, ko kare ya zo ya same shi ba hanyar gudu.