Ina aikin akanta, amma hankalina yana kan wutar sola

Assalamu alaikum Anti,

Ni matashi ne ɗan shekara 26, kuma shekara biyu ke nan ina aikin akanta a wani kamfani, aikin da mahaifina ya sha wahala matuƙa kafin ya ga na kammala karatunsa. Albashina yana rufa mini asiri, har ina taimaka wa ƙannena biyu da kuɗin makaranta, kuma babu wanda ya taɓa muzguna mini a wurin aiki. Sai dai kullum da safe idan na zauna a gaban kwamfuta na buɗe jadawalin lissafi, ji nake kamar an ara mini rigar wani na saka.

Tun ina yaro hannuna ba ya zama wuri ɗaya, domin babu rediyo ko fankar da ban kwance ba a gidanmu. Bara wani maƙwabcinmu ya kira masu haɗa wutar sola, na yini ina miƙa musu waya da filaya, kuma da dare ya yi aka kunna fitilar farko, na ga ƙaramar 'yarsa ta jawo littafinta ta zauna a ƙarƙashin hasken, sai na ji wani sanyi a raina wanda ranar albashi ba ta taɓa kawo mini ba. Tun daga lokacin nake raba dare ina kallon darussa a YouTube, har na sayi ƙaramin farantin sola da batir na haɗa wa ɗakina fitila biyu.

Da na faɗa wa Baba cewa ina son in ajiye aiki in koyi wannan sana'a, bai yi faɗa ba. Shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ashe duk karatun nan na hawa tsani ne?" Da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Na riga na rubuta takardar ajiye aiki, yau mako uku tana cikin aljihun teburina. In miƙa ta ne, ko in yage ta in rungumi ƙaddara?

Ɗanki mai neman mafita

Wa alaikumus salam ɗana,

Kada ka miƙa takardar, kuma kada ka yage ta. Bar ta inda take har na tsawon wata shida, kuma zan gaya maka abin da za ka yi da watannin.

Ban ɗauki burinka a matsayin shirme ba. Sana'ar da kake so tana da tushe: tun 1954 masana a ɗakin binciken Bell da ke Amurka suka nuna ƙwayar sola ta silikon mai amfani ta farko, wadda ke mayar da kusan kashi 6 cikin 100 na hasken rana zuwa lantarki, alhali farantan da ake sayarwa yanzu suna kai wa kashi 20 ko fiye, kuma yawancinsu suna zuwa da garantin shekara 25. Duk abin da zai daɗe haka a kan rufi yana buƙatar mai ɗora shi, da mai duba shi, da mai gyara shi.

Amma abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne, daren kunna fitila ka gani, ba ka ga ranakun da ke bayansa ba. Ba ka tsaya a kan kwano da tsakar rana ba, lokacin da ƙarfe ke ƙona tafin hannu. Ba a taɓa kiranka ana zaginka ba saboda batir ya mutu cikin wata takwas, alhali maigidan ne yake zuƙe shi har ƙarshe kowane dare, ga shi kuma batir mai ruwan asid ba ya son a sauke shi ƙasa da rabi, saɓanin na litiyom da ya fi jure hakan. Ba ka yi awa uku kana neman dalilin raguwar wuta ba, daga ƙarshe ka tarar inuwar reshe ce ta faɗa kan faranti guda ta ja sauran da ke jere da shi ƙasa. Wanda ya ga waɗannan duka ya wayi gari yana ɗokin komawa, shi ne ya samu abin yinsa, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Saboda haka ka nemi ƙwararre mai sunan kirki ka zama yaronsa a ranakun hutunka, ko da ba zai biya ka ko sisi ba. Ka ɗauki tsani, ka naɗe waya, ka saurari yadda yake magana da mai ƙorafi. Ka nemi horo na ƙa'ida da takardar shaida, domin lantarki ba ya yafe kuskure, kuma wayar da ta yi wa nauyin wuta siriri tana iya cinye gida da mutanen cikinsa. Bidiyo yana koyar da suna da siffar kayan aiki, amma ba zai riƙe maka hannu ba ranar da za ka juya ƙafafun batir.

Nakan ji matasa suna kafa hujja da William Kamkwamba na ƙasar Malawi, wanda rashin kuɗin makaranta ya zaunar da shi a gida, yana ɗan shekara 14 ya harhaɗa injin iska da tarkacen keke ya samar wa gidansu wuta. Sai su tsaya a nan, su manta cewa da dama ta samu komawa aji ya yi, har ya kammala digiri a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 2014. Shi dole ce ta raba shi da karatu; kai kuwa naka yana hannunka, kana neman ka yi masa kallon sarƙa.

Wannan lissafin da ya gundure ka, shi ne rabin sana'ar da kake mafarki. Kafin a ɗora faranti ko ɗaya sai an zauna da biro an ƙirga nauyin gida: fitila biyar masu wat 10 da za su yi awa shida sun ci wat 300 na awa ke nan, a ƙara firji, a ƙara fanka, sannan a san girman batir da inbata (na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke aiki da ita) da yawan farantai. Masu sana'ar hannu da yawa ba rashin iya aiki ke durƙusar da su ba, rashin iya rubuta farashi da raba jari da riba ne, kuma kai an riga an koya maka wannan da gumin mahaifinka.

Game da Baba, ka fahimci cewa ba tsani yake ƙi ba. Tsoro yake ji kada ka saki reshe ka kama ganye, ƙannenka biyu kuma su faɗo tare da kai, kuma a ganina tsoron nasa yana kan hanya. Kuskurenka shi ne ka je masa da abin da ke zuciyarka kawai, alhali mutumin da ya biya kuɗin karatu da wahala, da alƙalami yake fahimtar magana. Ka buɗe littafi daga wannan makon, kana rubuta kowane aiki da ka halarta, da abin da ka koya, da abin da aka samu, kana kuma ware wani kaso na albashinka har ka tara abin da zai riƙe ka da makarantar ƙannenka na aƙalla wata shida. Ranar da wa'adin ya cika, ka zauna a gabansa cikin ladabi ka ce, "Baba, ga abin da na yi, ina neman shawararka da albarkarka." Mai yiwuwa ya amince, mai yiwuwa ya ce a ƙara lokaci, idan ya ce haka, ka ƙara.

Yana kuma yiwuwa kai da kanka ka gano cewa ranakun hutu sun ishe ka, ko kuma gurbinka yana ofishin wani kamfanin sola, inda za a buƙaci akantan da ya san bambancin inbata da na'urar daidaita caji. Idan watannin sun cika ka sake rubuto mini, ka faɗa mini rufi nawa ka hau, da abin da Baba ya ce bayan ya duba littafin.

Antinku