Risalar da muke kallo a Mai Wurno ba ita ce taku ba

Ɗan uwa na ga tambayarka, wai me ya sa mu Hausawan Sudan muke zama gida guda har da tsofaffi mu kalli Ar-Risala, fim ɗin tarihin farkon Musulunci, lokacin Mauludi, bayan ku a Kano wasu malamai ma ba sa son a ambaci fim ɗin. To da farko dai wanda ka gani da Anthony Quinn a matsayin Sayyadi Hamza, mu ba shi muke kallo ba. Mustafa Akkad da ya shirya fim ɗin, mutumin Halab ta Siriya, sau biyu ya ɗauki kowane waje, ƴan wasan Turanci su gama su sauka, Larabawa su hau su sake wasan tun daga farko, kuma ba juya murya aka yi ba, fim biyu ne cur. Namu Abdullahi Gaith ne Hamza, Muna Wasif ce Hindu, kuma ya fi naku tsawo da wajen rabin awa. Mu nan Larabci muke ciniki da shi, da shi yara suke karatu, don haka ko kakata da ba ta taɓa shiga sinima ba tana jin komai, ba mai fassara mata.

Kuma ba wai mun jahilci rigimar da aka sha ba ne. A 1974 aka fara ɗauka a Maroko, har an gina Makka ta kwaikwayo kusa da Marrakesh, sai Saudiyya ta matsa wa Sarki Hassan na biyu aka dakatar da aikin, Gaddafi ne ya ɗauke su zuwa Libiya ya zuba kuɗi har aka ƙarasa a 1976. Azhar sun duba rubutun sun yarda, Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta ce sam. A 1977 ma wasu a Washington suka yi garkuwa da mutane sama da 100, cikin buƙatunsu har da a hana nuna shi. Saudiyyar kanta sai 2018 ta bari aka haska.

Abin da dattawanmu suka riƙe shi ne ba a nuna fuskar Annabi (SAW) ba, ba a jin muryarsa, halifofi huɗu ma babu, Sayyadi Ali takobinsa kawai ake gani. Shi kenan suka ce a kunna. Akwai masu ƙin kallo a cikinmu fa, ba wanda yake musu dole, su kan yi zamansu a waje da shayi.

Wurin Bilal kuwa, da aka ɗora masa dutse yana ta Ahad Ahad, nan ne falo yake yin tsit, mutanen da kakanninsu suka taho a ƙasa daga Sakkwato kuma har yau ake ce musu Fallata, sunan da ake kiran ƴan asalin Afirka ta Yamma a nan Sudan, ba sai an yi musu tafsirin wannan wajen ba. In kana so ka gwada, nemi na Larabcin ka fara daga yaƙin Uhudu, ka ga yadda Muna Wasif ta yi Hindu, ni a ganina Irene Papas da ta yi Hindu a na Turanci ba ta kama ƙafarta ba.