Xi ne sunan zuriyar, ba Jinping ba

Tambaya daga Zariya: Malam, na ji masu fassara labarai suna kiran sunayen Sinawa irin su Wang ko Li "sunan mahaifi". Daidai ne?

Ba daidai ba ne, kuma abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sunan mahaifi a wurinmu sauyawa yake yi: Musa Garba ya haifi Sani Musa, an wuce wurin. Na Sinawa ba ya motsi, gadonsa ake yi tun kaka da kakanni, don haka sunan zuriya ya kamata a ce. Shi ne kuma ke zuwa a farko. Mai kiran Xi Jinping na ƙasar Sin "Shugaba Jinping" sunan yanka ya kama bai sani ba.

A zamanin tsohuwar daular Zhou ta ƙasar Sin, sunan zuriya iri biyu ne, kuma na manya ne, ba na talaka ba. Akwai xing, sunan tsatso. Harafin da ake rubuta shi haɗin "mace" ne da "haihuwa", kuma tsofaffin sunaye irin su Ji, Jiang, Yao da Ying duk suna ɗauke da alamar mace, abin da ya sa masana da dama ke ganin ta wajen uwa aka fara lissafin dangi. Masu xing ɗaya ba sa auren juna. Sai na biyun, da ake kira "shi" da Sinanci, sunan reshe, wanda ake samu daga ƙasar da aka ba mutum ya riƙe, kamar Chen da Song, ko daga sana'a, kamar Tao, maginin tukwane, ko daga sarauta. Sima, alal misali, mai kula da dawakin yaƙi ne, kusan abin da muke kira Madawaki, da bakin mutane ya gajarta zuwa Madaki. Bayan sarkin Qin, ɗan gidan Ying, ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai biyun suka narke suka zama ɗaya, talaka ma ya samu nasa.

Wanda ya fi burge ni shi ne Ma. Ma'anarsa doki, amma Musulmin ƙabilar Hui ta Sin da yawa sun ɗauke shi saboda ya yi kama da gaɓar farko ta Muhammadu. Zheng He, jagoran jiragen ruwan Sin da suka kai gaɓar gabashin Afirka, Ma He aka haife shi a Yunnan. Sarki Yongle ne ya ba shi sunan Zheng.

Tambaya daga Maraɗi: Sin ko Caina?

Sin. Daga Larabci muka same ta tun da daɗewa, kuma ta ba mu Basine da Sinawa da Sinanci. Me ya kai mu sabon aro?

Tambaya daga Kumasi: "zuriya" ko "zuri'a"?

Duka biyun ana faɗa, tushensu ɗaya ne a Larabci. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta, kada ka riƙa gauraya su a shafi guda.