Amsa ga mai son buɗe shagon dillanci: kayan mutane da tukunyar gida

Sannu 'yar'uwa. Kin ce a ƙaramin gari kike, jarinki bai taka kara ya karya ba, kina so ki buɗe shagon da mutane za su riƙa kawo kayan da suka gama amfani da su ki sayar musu ki cire la'adarki. Damuwarki biyu: yadda za ki raba kuɗi da masu kaya, da kuma abin da yaranki uku za su ci kafin shagon ya tsaya da ƙafarsa. Shekarata 11 a wannan sana'a, kuma a wurina tambayoyin nan biyu ɗaya ne, don a aljihun tebur ɗaya suke haɗuwa.

Daɗin dillanci shi ne ba ki sayi kaya ba. Shago ya cika maƙil, ke kuwa haya da rataye da fitila kawai kika biya. To nan kuma tarkon yake. Da yamma za ki buɗe aljihun tebur ki ga kuɗi, zuciyarki ta ce miki an yi ciniki, alhali fiye da rabinsu na wasu ne. A shekarata ta farko haka na riƙa yi: yau na zari na cefane, gobe na takalmin yaro, ina cewa zan mayar. Ranar da asirina ya tonu, wata dattijuwa ce ta zo karɓar kuɗin keken ɗinkinta da na sayar mako uku baya. Ta zauna a kan kujerar da ke bakin ƙofa, ta ɗora jakarta a cinya, tana jira. Na buɗe aljihun, na rufe, na sake buɗewa kamar kuɗin za su haihu. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Ba komai 'yata, jibi na dawo." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai da na sayar da abin hannuna na biya ta, kuma ba ta sake kawo mini ko allura ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Tun daga ranar, kafin in kulle shago nake raba cinikin gida biyu. Kason masu kaya ya shiga akwatinsa, daga baya ma na buɗe masa asusun banki daban. Ko wuta ce ta kama, ba na taɓa shi.

Batun rabo, abin da aka fi yi a wannan sana'a shi ne rabi da rabi, ko 60 da 40. Ni a tufafi da takalma rabi nake ɗauka, don wahalarsu yawa gare ta: dubawa, ratayewa, gyara su bayan kowa ya birkita. A manyan kaya irin su kujeru, gado, keken ɗinki, nakan bar wa mai kaya 60 in ɗauki 40. Amma kada ki kwafi nawa, ki yi lissafinki. Ki ɗauka haya da wuta da leda da sauran tarkace suna cin 300 a wata, da kowane irin kuɗi kike lissafi. In kasonki 40 ne cikin 100, sai kin yi cinikin 750 kafin ki fita daga rami, ba ki ci ko loma ɗaya ba tukuna. Masu fara sana'ar da yawa kunya ke sa su ɗauki 20 ko 25, su ce ai ba kayansu ba ne. Da kason 20 sai kin sayar da na 1,500. Wata shida suke rufewa.

Komai a rubuce, ko da kuwa yayarki ce ta kawo kayan. Takarda ɗaya ta isa: me aka kawo, nawa aka sa masa, kason kowa, ranar biya, da abin da zai faru in bai sayu ba. Nawa wa'adin kwana 90 ne. Bayan kwana 30 a rage 20 cikin 100, bayan 60 a raba farashin biyu, bayan 90 mai kaya yana da mako ɗaya ya zo ya kwashe, in bai zo ba na ba da su sadaka. Wannan layin na ƙarshe ki karanta wa mutum da bakinki kafin ya sa hannu. Akwai kuma abin da nake mantawa da shi a da: in aka sace kaya a shago, ko ruwa ya ɓata su, wa zai ɗauki asarar? Ki yanke shawara tun yanzu, ki rubuta. Biya kuwa sau ɗaya nake yi a wata, rana sananniya. In kika bari kowa ya zo lokacin da ya ga dama, yini za ki yi kina lissafi mai saye na tsaye.

Abin da ya fi wuya a koya shi ne cewa a'a. Za a kawo miki buhu guda, rabinsa tsumma, mai shi kuma maƙwabciyarki ce. In kika karɓa don kunya, shagonki ya zama bola, kuma wurin da rigar banza ta tare, riga mai kyau ce ta rasa shi. Nakan ce, "Wannan ba irin wanda masu sayena ke nema ba ne," sai in ɗora laifin a kan kasuwa, ba a kan kayanta ba. Tufafi a kawo su wankakku. Ina duba su kusa da taga, don hasken fitila na ɓoye tabo. Ina duba hammata, wuyan riga, zif, da aljihu. Katifa ba na karɓa ko kyauta ce, saboda kuɗin cizo. Sau ɗaya suka shigo mini a cikin kushin, sai da na rufe shago kwana huɗu, na wanke duk abin da ke wankuwa da ruwa mai zafin digiri 60, wanda shi ke kashe su har ƙwansu. Hular kwano da kujerar jariri ta mota su ma a'a, don in sun taɓa buguwa a haɗari ido ba ya gani. Kayan wuta sai na jona su a gaban mai su.

Farashi kuma, mai kaya tunawa take sayarwa, mai saye riga take saye. Za ta ce miki sau biyu kawai ta sa. Nakan fara daga kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabonsa, in ɗaga ko in sauke. Ido ba mudu ba, ya san kima, da sannu naki zai waye.

Sai sirri, wanda a ƙaramin gari ya fi jari muhimmanci. Wasu ba don sun gaji da kaya suke kawowa ba, babu ce ta kawo su. Kada sunan kowa ya hau takardar farashi; kowane mai kaya lamba nake ba shi, sunan yana cikin littafina. Za a ɗaga riga a ce, "Kai, wannan ba ta wance ba ce?" Ki yi murmushi ki ce kaya da yawa ke shigowa. Akwai waɗanda sai na rufe shago suke zuwa ta baya, kuma su ne suka fi kawo kaya masu kyau.

Yanzu tukunya. Na yanka wa kaina albashi, ɗan kaɗan, iri ɗaya kowane mako ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kuma a cikinsa gida ke ci. Shago yana da watannin yunwa. Lokacin komawa makaranta da sauyin yanayi sai ki rasa wurin zama, wata biyu bayan haka ki yini kina korar ƙuda. Rarar watan ƙoshi ita ke biyan albashin watan yunwa.

Abin da ya fi cin kuɗina a da ba tsadar cefane ba ne, gajiya ce. In na dawo da daddare ƙafa ta kumbura, sai in sayi na sayarwa, la'adar riga uku ta tafi a abincin dare ɗaya. Don haka ranar da shago ke rufe nake girkin rabin mako. Tun dare na jiƙa wake. Busasshe ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma kofi ɗaya kan ba da fiye da biyu in ya dahu. Babbar tukunyar miyar tumatir da albasa, wadda yau za ta hau shinkafa, gobe taliya, jibi a fasa ƙwai a ciki a ci da burodi. Kaza ɗaya sau uku muke cinta: ranar farko cinyoyi da dankali, rana ta biyu a zare sauran tsokar a juya da kabeji da karas, ƙashin kuma a dafa shi awa biyu zuwa uku a ƙaramar wuta da bawon albasa da kan karas da nake tarawa a firiza. Wannan romon shi ke sa waken talaka ya yi ɗanɗanon gidan masu hali. Yarana sun daɗe suna zaton kaji uku nake saye.

Tattali ba ya nufin cin abin da zai kai ku asibiti. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje kafin ya shiga firij, a cikin firij kuma kwana 3 zuwa 4, abin da zai wuce haka firiza. Shinkafa ta fi kowa wayo: akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, in shinkafar ta daɗe a ɗumi sai ta saki gubar da ɗumame ba ya kashewa. Ki baza ta a faranti ta huce da wuri. Jan waken nan mai siffar ƙoda kuma dole ya tafasa sosai na aƙalla minti 10, in ba haka ba amai da gudawa.

Wata rana ina manna wa kaya takardar ragi sai na ga ashe firij ɗina ma shago ne, kaya na shiga suna tsufa a lungu ba mai kula su. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya asararsa ake yi, ni kuwa na san nawa kason a cikin robobin da ke bayan firij yake ruɓewa. Sai na kawo tsarin shago gida. Kowace roba da kwanan wata a murfinta. Shiryayyen sama na abin da wa'adinsa ya kusa ne, yara suna kiransa layin ragi, kuma ba a buɗe sabon abu sai an cinye na can. Daren Alhamis ba na girki, duk ragowar da ke layin ake fitowa da ita kowa ya zaɓa. Abincin rana kuma daga gida nake tafiya da shi a kula, da ruwan shayi a fulas.

In ni ce ke, ba zan kama haya ba tukuna. Ki fara da mutum goma da kika yarda da su, a ɗaki ɗaya ko rumfa, na wata uku, ki ga me ke fita me ke kwana. A garinmu kayan yara da tukwane ne suka riƙe ni, kayan kwalliyar da na ɗora wa buri kuwa ƙura suka sha. Naki garin zai iya bambanta. Ki sayi littafi mai kauri, da akwati biyu masu makulli daban-daban, ki ba wani da kike jin nauyinsa makullin na masu kaya a watannin farko.