Me Ya Sa Jinin Ya Ƙaru Bayan Mun Kai Shi Asibiti?

Tambaya: Likita, mahaifina ɗan shekara 63 ya daɗe da hawan jini, amma da ya ji sauƙi sai ya bar shan magani. Ranar Talata ya yanke jiki ya faɗi yana alwalar la'asar. Maƙwabcinmu ya ce a ba shi asfirin, muka ba shi. Mun isa asibiti yana magana, da dare ya daina. Hoto na biyu ya nuna jinin da ya zuba a ƙwaƙwalwarsa ya ƙaru. Shin mu muka jawo? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Idan jijiyar jini ta fashe a ƙwaƙwalwa, ba nan take jinin ke tsayawa ba. Yakan ci gaba da tsattsafowa, musamman a awa shida na farko, wani lokaci har kwana guda. Cikin waɗanda aka yi wa hoto da wuri, kusan ɗaya cikin uku jininsu na ƙaruwa daga baya. Ke nan ko ba asfirin, Baba na iya shiga wannan hali.

Babban mai ingiza jinin shi ne hawan jinin kansa. Da yawa suna zuwa mana lambar sama ta awon hawan jininsu ta haura 200, sai mu sauke ta da allura zuwa wajen 140, a hankali, ba farat ɗaya ba. Haka nan idan jinin da ya taru a hoton farko yana da yawa, ya fi saurin ƙaruwa. Mai ciwon hanta da mashayin giya su ma jininsu ba ya daskarewa da wuri.

Amma abin da ya fi tsorata ni shi ne maganin tsinka jini, musamman warfarin da masu ciwon zuciya ke sha, don 'yan'uwa kan manta su faɗa. Wata tsohuwa da aka taɓa kawo mini, sai da jikarta ta zazzage leda a kan gado na hango kwalinsa, muka yi maza muka yi mata allurar bitamin K, mai karya ƙarfin warfarin.

Shi asfirin yana amfani ne idan jijiya toshewa ta yi. To amma da ido ba mai iya raba toshewa da fashewa, har ni kuwa, sai da hoton ƙwaƙwalwa, irin su CT. Ba lallai ƙwaya ɗaya ce ta jawo ba, sai dai ki sanar da likitocinsa yau, ki kai musu ledar magungunansa duka. Kuma kada kowa ya ɗura masa ruwa ko rubutu tunda ba ya cikin hayyacinsa, zai iya wucewa cikin huhu.